Gitar bas kayan aiki ce, a gwada ta kafin a biya

A duk inda makaɗan zamani suka taru a birnin Yamai, ko wajen biki ko a dandalin Oumarou Ganda, idon jama'a yana kan mawaƙi da mai gitar solo. Amma sautin da ke riƙe da ƙafafun masu rawa yana fitowa ne daga gitar bas, mai tsirkiya 4 da murya mai kauri. Samari da yawa suna tara kuɗi wata da watanni don su mallake ta, hukumomi kuma suna saya wa gidajen samari. Ya kamata waɗannan da waɗancan su san dalilin da ya sa aka ƙera ta, domin wanda ya san asalin kaya ba a cika cutarsa a ciniki ba.

Kafin zuwanta, makaɗan Amurka da Turai suna amfani da kwantirbas, wani babban goge na katako wanda ya kai tsawon mutum. Ɗaukarsa wahala ce, kuma ganguna da ƙahoni suna danne muryarsa. A tsakiyar shekarun 1930, Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera bas mai aiki da lantarki wadda ake rungumewa kamar gitar, amma ba ta samu kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fitar da tasa mai suna Precision Bass. Ya gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta don yatsa ya faɗa daidai kan sautin da ake so. A 1953 Monk Montgomery ya zaga Turai da ita cikin ƙungiyar Lionel Hampton, a 1960 kuma Fender ya ƙaro wata mai suna Jazz Bass.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa bisa maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla, wannan karkarwa tana haifar da ƴar wuta kaɗan, ampili kuma ya ƙara mata ƙarfi. Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa kamar sau 41 cikin daƙiƙa guda, shi ya sa ƙaramin ampilin gitar ba ya iya ɗaukar nauyinta.

Wannan tarihi ya nuna abu guda: an ƙera bas ne don a ji ta sosai, a ɗauke ta da sauƙi, ta kuma ba da sauti daidai. Da waɗannan abubuwa uku ya kamata a auna ta. Amma saurayin da ya shiga shagunan kayan lantarki na unguwar Maurey ko na Babbar Kasuwa, sau da yawa sunan da aka rubuta a kanta yake fara dubawa. Sunan Fender kuwa an sha manna shi a kan jabun kaya. Kamfanin yana da nasa masu sauƙin kuɗi da ake kira Squier tun 1982, kuma Yamaha da Ibanez na Japan suna ƙera masu ƙwari. Bas ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa mai sunan aro.

Mai saye kada ya yarda da cinikin biri a sama. Ya nemi a haɗa ta da ampili a gabansa, ya kaɗa kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa. In wata tana zuza, akwai gyara. Ya ɗaga ta ya dubi wuyan kamar yadda kafinta ke duban katako, domin zafin bazara da bushewar hunturu suna lanƙwasa itace. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙe shi. In ta lalace, gitar ta zama abin ado. Ya murɗa maɓallan ƙara, ya motsa wayar a bakin raminta, ya saurara ko akwai ƙarar da ba ta dace ba. Ya kuma karanta bayan ampili: wutar NIGELEC bolt 220 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, ba tare da taransfo ba nan take za su ƙone.

Wasu na cewa talaka ba ya zaɓe, abin da aljihunsa ya kai shi zai ɗauka. Gaskiya ne kuɗi suna da wuya, amma gwaji kyauta ne, kuma araha ba ta ado. Wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya. Tun 1989 akwai cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai, inda ba a rasa masanin da zai ba da shawara.

Nauyin ya fi yawa a kan ma'aikatan da ke saye da dukiyar jama'a. Bas ba tare da ampilinta ba, da tsirkiyoyin canji, da jakar da za ta kare ta daga ƙura, ɓarnar kuɗi ce. Ya dace a sa makaɗi cikin masu karɓar kayan kafin a sa hannu a takarda, a kuma ware wani abu don gyara. Gasar Ɗan Gurmu da aka kafa a 1987, da ƙungiyoyi irin su Mamar Kassey da Tal National, sun nuna cewa wannan baƙuwa tana iya tafiya tare da kalangu da ƙwarya. Sauran aiki shi ne a sa kaya masu lafiya a hannun samarin da ke son koyo.