A bar Khaman Maluach ya yi jifa daga nesa

Tun daren da aka ɗauki Khaman Maluach a lamba ta 10 a zaɓen NBA na watan Yunin 2025, ƙungiyar Houston ta zaɓe shi ta miƙa wa Phoenix Suns a cinikin Kevin Durant, masu sharhi suka rabu biyu. Wasu na cewa yaron zai iya jifan maki uku nan gaba. Wasu kuma suna cewa dogo ne kawai, ya tsaya gindin kwando ya tare ƙwallo, ya dankara wadda aka cilla masa. Ni ina tare da na farko, kuma ga hujjata.

Abin da masu kushe suke riƙewa shi ne alƙaluman shekararsa ɗaya a jami'ar Duke: ya gwada jifan maki uku sau 16, huɗu suka shiga, kashi 25 cikin ɗari ke nan. To jama'a, sau 16 a kaka guda ai ba ma'auni ba ne. Da biyu kacal sun ƙara faɗawa ciki, da lissafin ya koma kashi 37.5, da yanzu ana ta yabonsa. Mu malamai ba ma yanke wa ɗalibi hukunci da gwajin mako ɗaya. Kuma a Duke ba a neme shi da wannan aikin ba, tunda ga Cooper Flagg ga Kon Knueppel. Shi aikinsa yana kusa da kwando, ya kuwa yi shi, fiye da kashi 70 na jifansa sun shiga.

Wurin da ya kamata a duba shi ne jifan kyauta, wanda ake yi daga layi babu mai tare ka. A nan Maluach ya ci kusan kashi 77. Ga mutum mai tsayin sama da mita 2.10, wanda bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 13 a Uganda inda iyalinsa suka yi gudun hijira daga Sudan ta Kudu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jifan kyauta shi ke tona asirin hannu. Babu gudu, babu turereniya, daga kai sai wuyan hannunka. Idan ka kalle shi a layin za ka ga gwiwar hannunsa tana ƙarƙashin ƙwallo, yana sakinta daga can sama da goshi, yatsu suna raka ta har ƙarshe, ita kuma tana juyawa da baya a iska. Ƙwallon da ke juyawa haka ko ta bugi ƙarfe takan yi laushi ta faɗa ciki. Wannan laushin hannun shi ne mai wuyar koyarwa.

Matsalar a ganina tana ƙasa ne, a ƙafafu da lokaci. Yana ɗan jinkiri tsakanin karɓar ƙwallo da sakinta, wani lokaci ya sauke ta ƙasa kafin ya ɗaga. Mai dogayen hannuwa kuwa tafiyar ƙwallonsa daga ƙugu zuwa sama tana da tsawo, kuskure kaɗan a gwiwar hannu sai ya zama babba kafin ta isa kwando. Ga kuma nisa: layin jami'a mita 6.75 ne, na NBA 7.24 daga tsakiya. Rabin mitan nan daga cinya da ƙugu ake samo ƙarfinsa. Wanda ya nema da kafaɗa, jifansa zai miƙe kamar jifan tsuntsu. Amma duk wannan gyaran maimaici ne, kuma daga kusurwa, inda nisan bai wuce mita 6.7 ba, ya kamata ya fara.

An ga irin haka. Brook Lopez ya yi kaka takwas a NBA da jifan maki uku guda 3 tak, a ta tara ya ci 134, kuma tun can hannunsa a jifan kyauta mai kyau ne. Pascal Siakam ɗan Douala kashi 22 ya ci a kakarsa ta biyu, a ta uku ya kai kusan 37, a shekarar da Toronto ta ɗauki kofi, 2019.

Tsorona ba hannun yaron ba ne, haƙurin ƙungiya ne. A daren da Phoenix ta same shi ta kuma ɗauko Mark Williams daga Charlotte, ɗan wasan tsakiya kamarsa. Matashin da ake ba minti kaɗan yakan guji duk abin da zai sa koci ya zaunar da shi, jifan nesa kuwa shi ne na farko da ake bari. Haka aka daɗe ana yi wa dogayen yaran Afirka: tsaya nan, ɗaga hannu, kar ka taɓa jifa. Maluach, da aka haifa a 2006, ya riga ya buga wa Sudan ta Kudu a gasar Olympics ta Paris yana da shekara 17. Idan babu gurbi a babbar ƙungiya, gara a tura shi ƙaramar gasa ta G League ya riƙa gwada uku ko huɗu kowane wasa, ko da rabin kakar za ta wuce suna bugun ƙarfe.