Gida A Kan Taya, Amma Ina Zangon Sauka?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma cigaban littafi ba ne. Wata 'yar magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita fili kowa ya ji, in ya so mai gyara ya gyara.

Akwai wata al'ada ta Turawa da hotunanta suka cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Magidanci zai sayi mota mai ƙarfi wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja, irin su Land Rover ko Land Cruiser, ko kuma ƙatuwar nan Unimog ta kamfanin Mercedes, ya kai ta gareji a ciccire kujerun baya, a kafa gado da 'yar loka ta ajiye kwanuka, a sa murhun gas da ƙaramin firij, a ɗaura tankin ruwa, a shimfiɗa sola a sama don samun wuta. A kan rufin kuma sai a ɗora tanti mai naɗewa, da tsani na hawa, inda yara za su kwana. Gefe da gefe ga jarkokin mai, ga shebur, ga safayar taya, ga wasu falankin ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin taya idan mota ta kafe a rairayi. Shi ke nan, sai ya kwashi matarsa da 'ya'yansa su shiga duniya, inda rana ta faɗi nan ne gida. Akwai ma wasu iyali 'yan ƙasar Ajantina, Herman Zapp da matarsa Candelaria, da suka bar gida a 2000 cikin wata tsohuwar mota ƙirar 1928, ba su kammala yawon ba sai 2022, kuma 'ya'yansu huɗu duk a cikin shekarun tafiyar aka haife su.

Idan irin wannan hoto ya faɗo hannun mutanenmu, magana biyu za ka ji. Wani ya ce, "Ƙoshi ne ke damun su, mutum da gidansa ya je yana kwana a daji kamar mahaukaci." Wani kuma ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah Ka ba mu irin motar nan." To ni a nawa ɗan guntun tunanin, duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Na farko ya manta tarihin kakanninsa, na biyu kuwa ya ɗauka mota ce matsalar. Ni abin da nake kallo a hoton shi ne mutumin da ya kashe inji a gefen hanya a ƙasar da ba tasa ba, ya kwanta da iyalinsa, ya yi barci har da minshari. Wannan barcin shi ne dukiyar, kuma babu garejin da ake ƙera shi.

Bari mu fara da mai cewa hauka ne. Ɗan uwa, tafiya da iyali a ƙasa ai gadon gidanmu ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, ƙarƙashin madugu da jagaba, wata da watanni suke yi a hanya da jakuna, da mata masu dafa abinci, da yara masu kiwon dabbobi. Duk inda yamma ta yi sai a yada zango, a kafa bukkoki, a hura wuta. Kalmar zango da ake kiran unguwannin Hausawa da ita a Kumasi da Ankara har gobe, daga nan ta samo asali. Haka kuma alhazan ƙasa: kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, gida guda kan tashi da tsoho da jariri, a bi ta Maiduguri, a shiga Chadi ta Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a wuce Abeshe, a faɗa Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Da farko a ƙafa da kan jaki, daga baya a bayan lori, da tabarmi da tukwane da buhun gero. Wasu kan shekara da shekaru a hanya suna aikin auduga a Jazira don tara guzuri, wasu ma can suka zauna, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, waɗanda asalinsu jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne da suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. To in kwana a hanya da iyali hauka ne, ashe mu ne muka riga kowa.

Abin da ya sa waccan tafiya ta yiwu kuwa, tsari ne. Kowane gari akwai sarkin zango, akwai mai masauki, akwai rijiyar da baƙo zai sha bai roƙa ba. Ba a ce babu 'yan fashi a wancan zamani ba, akwai su, shi ya sa ma ake tafiya a ayari. Amma matafiyi ya san idan ya kai ƙofar gari ya tsira, kuma mai gari ya san mutuncinsa ne a taɓa baƙonsa.

Su kansu Turawan masu gida a kan taya, ai sun daɗe da sanin ƙasarmu. A shekarun 1970 da 1980 babbar hanyarsu ta ratsa Afirka ita ce wadda ta taso daga Aljeriya, ta bi Tamanrasset, ta shigo Nijar ta Assamaka da Arlit da Agadas, sannan ta gangaro Damagaram ta shigo Kano. Wasu kan karkata ta Tawa da Birnin Ƙwanni su shigo ta Illela da Sakkwato, kuma titin da ya haɗa Sakkwato da Zariya shi ne wannan da ya ratsa Bunguɗu da Gusau da Tsafe ya bi ta ƙofar gidajenmu a Kucheri. A Kano har sansani gwamnati ta tanadar musu a kan titin Bompai, inda suke kafa tantuna su huta, su gyara motoci, su shiga kasuwar Kurmi sayen kayan fata. Gasar tseren motoci ta Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ma ta sha bi ta Agadas. Kuma kada a ce sai farar fata: ɗan Nijeriya Newton Jibunoh ya ƙetare Sahara da mota har sau uku, na farko shi kaɗai tun a shekarun 1960, na ƙarshe a 2008.

To ina suke yanzu? Motocin ba su ƙare ba, sai ma ƙara kyau da suka yi. Hanyar ce ta mutu. A 2003 aka sace Turawa 32 masu yawon buɗe ido a hamadar kudancin Aljeriya. A 2008 aka soke gasar Dakar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. Hanyar alhazan ƙasa kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya mayar da Janaina da Fashir wuraren da ake gudu daga cikinsu. Shi ya sa da wata 'yar Nijeriya mai suna Pelumi Nubi ta taso daga Landan a ƙarshen Janairun 2024 cikin 'yar ƙaramar Peugeot 107 da ta gyara tana kwana a ciki, ta iso Legas ranar 7 ga Afrilu, gaɓar teku ta bi: Maroko, Muritaniya, Senegal, har Gana da Togo da Benin. Arewa ko ƙurarta ba ta gani ba. Kuma wa zai ga laifinta?

Yanzu sai mu dawo gida, ga mai addu'ar Allah Ya ba shi irin motar. Malam, a ce yau an ba ka ita kyauta, da tantinta da firjinta, an ajiye maka a tashar Tsafe. Ina za ka da ita? Tsakanin Funtuwa da Gusau tafiyar kilomita 100 ce da 'yan kai, amma duk direban da ke bin ta ya san sunayen Yankara da Wanzamai da Kucheri da Magazu ba don daɗi ba. A Afrilun 2024 sai da gwamnatin Zamfara ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a iyakar Yankara da ta Bimasa, saboda yawan tare hanya da sace matafiya. A Satumban 2021 kuwa an datse layukan waya a jihar baki ɗaya, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Ka duba fa, jarkar nan da Bature ke ɗaurawa a gefen motarsa don ado da guzuri, kai in aka gan ka da ita a lokacin, mai kai wa 'yan bindiga mai za a ce da kai. Dajin Kuyambana da aka keɓe don namun daji, wanda a wata ƙasa nan ne iyali za su je su kafa tanti su ga ikon Allah, yau ko da wasa ba ka ce wa matarka ta shirya yara za ku can ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ma fa muna da iyalai masu tafiya da gidansu a kan taya. Ka tsaya a bakin titi ka ga Kanta ko a-kori-kura ta fito daga ƙauyukan cikin daji, an lafta mata katifa da tukwane da buhun masara da 'yan awaki, mata da yara a sama sun yi jugum. Su ma inda dare ya yi nan za su kwana, a tasha ko a makarantar firamare ko kangon da ba a gama ba. Bambancin kawai, wancan ya bar gida don yana so, kuma ya san ranar komawa. Waɗannan kuwa korar su aka yi.

Na san wani zai ce, "Ana fama da abin da za a sa a baki tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kai kana zancen yawon shan iska?" Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya sayi Land Cruiser ba. Abin da nake nufi, hanyar da mai yawon shan iska zai bi ya kwana lafiya, ita ce dai hanyar da mai kai tumatir Legas zai bi, ita ce ta mai naƙuda da za a kai asibiti da tsakar dare, ita ce ta 'yan kai amarya. In ta yi kyau ga ɗaya ta yi ga duka. Gwamnatin tarayya ta ba da aikin mayar da titin Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, a 2024 kuma an aza harsashin filin jirgin sama a Gusau. Madalla da duka biyun. Sai dai kwalta ba ta korar ɓarawo, jirgi kuwa masu hali zai ɗauke ya tsallake da su, talaka yana nan a ƙasa cikin Golf da Sharon yana salati daga Sheme har Tsafe. Ma'aunin zaman lafiya a wurina guda ne: ranar da magidanci zai iya tsayawa a gindin Dutsen Kwatarkwashi bayan magariba, ya shimfiɗa tabarma, uwargida ta zuba shayi, yara na guje-guje, babu mai waige.

A nan ne kuma nake da ƙorafi a kanmu, mu marubuta. Ku duba littattafanmu. Jarumi ɗan gidan Alhaji ne, an ɗaura aure sai filin jirgin Malam Aminu Kano, sai Dubai, sai Landan, sai otal mai hawa ashirin wanda marubucin kansa a fim ɗin Indiya ya gan shi. Hanya ta ɓace daga adabinmu. Alhali kuwa tubalin da aka gina ƙagaggen labarin Hausa da shi, tafiya ce. Ruwan Bagaja tafiya ce, Ganɗoki tafiya ce, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin ƙetare Sahara ne da uwar da ta bi sawun ɗanta. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Yau ga yaro ɗan shekara 15 a Kucheri, ya san sunan manyan kantunan Dubai daga littafi, amma bai taɓa ganin madatsar ruwa ta Bakolori ba, bai san ruwan ɗumi na Wikki a Yankari ba, bai san kakan kakansa ya taka ƙasa har Makka ba. Yaron da bai san an taɓa yin tafiyar dare lafiya a ƙasar nan ba, ta yaya zai girma ya nemi a dawo masa da ita? Zai ɗauka haka Allah Ya halicci hanya, da shinge da tsoro.

Don haka shawarata biyu ce. Ga marubuta, mu dawo da hanya cikin labari. Tsofaffin direbobin lori da suka yi Legas da Fatakwal da Agadas suna nan a tashoshinmu, tsofaffin da iyayensu suka yi hajjin ƙasa ba su ƙare ba tukuna. A je a zauna da su, a ji yadda ake yada zango, yadda ake sassauta iskar taya in an shiga rairayi, yadda mai shayi ke zama mai masaukin baƙo. Labarin iyali guda a bayan lori daga Gusau zuwa bakin Bahar Maliya, wallahi ya fi labarin kishiyoyi goma ɗaukar hankali. Ga magidanta kuma, ban ce kowa ya kwashi iyali ya kwana a dajin Zamfara ba, wanda ya yi haka a halin da ake ciki ya jefa su cikin halaka, kuma rigakafi ya fi magani. Amma inda hali ya yi, da rana tsaka, a hanyar da aka tabbatar da lafiyarta, a riƙa fita da yara suna ganin ƙasarsu, ana gaya musu sunan kowane gari da kowane dutse. Sannan duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya fara lissafin kilomitar kwalta, a tambaye shi: ranka ya daɗe, yaushe za mu sake bin hanyar Funtuwa da dare?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.