Zauren Uwargida: Kuɗin Sana'a Daban, Kuɗin Cefane Daban

  

A watan jiya na je suna Birnin Kudu, na sauka a gidan ƙanwata. Bayan sallar isha, da baƙi suka watse, sai na iske ta a tsakar gida ita da 'yarta ta fari sun tasa wani ɗan littafin rubutu a gaba, uwar ta cika ta yi fam. Yarinyar tana aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana karantar harkar kasuwanci. Duk ɗalibin da ya shiga wannan fanni sai ya bi ta kwas ɗin akanta na share fage, wanda suke ce wa ACC 101, ko da ba akanta yake son zama ba. Kwas ɗin ya ba ta wuya ƙwarai a zangon farko. Da aka yi hutu sai ta ce bari ta gwada abin da aka koya mata a kan sana'ar uwarta, ko kanta ya buɗe.

Ita ƙanwar tawa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, shekara da shekaru. Daga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ake sayo mata gyaɗa, a soya, a kai inji, ta matse mai, ta murza tunkuza. Kullum tana cikin aiki, kullum akwai ciniki, amma duk bayan 'yan watanni sai jari ya karye, sai ta jira kwasar adashi ko ta ranto. Ta ɗora laifin a kan tsada, ta ɗora a kan yaran talla, har ta fara zargin baki. Na san ke ma uwargida, ko ba a gidanki ba, kin san wata mai irin wannan kuka.

Abin da ya ɓata mata rai a daren nan magana ɗaya ce. Yarinyar ta ce, "Umma, darasin farko da aka yi mana shi ne, sana'a mutum ce mai zaman kanta. Kuɗin da ke cikin gwangwanin nan ba naki ba ne, na sana'ar ne, ita kuma kina bin ta bashin jarin da kika zuba." Uwar ta juyo ta ce da ni, "Yaya, kin ji abin da boko ya koya mata? Wai kuɗin gumina ba nawa ba ne!" Kasancewar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, sai dai "waccan".

Na ce su ba ni littafin. Abin da na gani a ciki shi ya sa na ɗage maganar da na yi niyyar kawo miki a wannan wata.

Ilimin akanta gaba ɗayansa a kan ma'auni guda yake zaune: duk abin da sana'a ta mallaka, daidai yake da jarin mai ita, a haɗa da bashin da ake bin ta. Wata huɗu kafin zuwana, ƙanwata ta kwashi adashi ta zuba naira 150,000, ta kuma ranto 50,000 a wajen wata 'yar uwarmu da ke aure a Gwaram. Ke nan sana'ar ta tashi da dukiyar 200,000. Yarinyar ta bi ɗaki da madafi ta ƙirga abin da ya rage a ranar. Gyaɗar da ba a soya ba ta kai ta 70,000. Man da ke cikin jarka da ƙulin da ba a sayar ba, 35,000. Bashin da ake bin mutane, 28,000. Tsabar kuɗi a gwangwani, 12,000. Kasko da robobi da jarkoki, 20,000. Duka 165,000. Ta cire rancen 50,000, ya rage 115,000. Jarin 150,000 ya koma 115,000.

Da a nan ta tsaya, da sai a ce sana'ar asara take yi. Amma sai ta zaunar da uwar ta yi ta tambayarta, suna tunowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da maigida bai bar kuɗin cefane ba, ina aka ɗauka? Kuɗin jarrabawar ƙaninta fa? Ankon bikin maƙwabta, gudunmawar suna biyu, maganin zazzaɓin auta, kuɗin motar ita kanta ɗalibar zuwa Dutse? Da aka tara abin da aka iya tunawa, ya kama 80,000. To lissafa da kanki uwargida: 115,000 da ya rage, a haɗa da 80,000 da aka zara, ya zama 195,000. A cire jarin farko, 150,000. Saura 45,000. Ashe sana'ar riba ta ci, ribar 45,000 a wata huɗu. Ita ce ta cinye ribar duka, ta kuma gutsiri 35,000 daga uwar kuɗi ba ta sani ba. Babu baki, babu ɓarawo.

Kada ki fahimce ni a baibai. Ban ce mace ta ƙi taimaka wa gidanta ba. A shari'a ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji suke, dukiyar mace kuwa tata ce, in ta ɗauka ta rufa wa gida asiri sadaka ta yi, kuma ladanta na wurin Allah. Amma wadda ta san ribarta 11,000 ce a wata, za ta san iyakar abin da za ta iya bayarwa ba tare da ta yanka kazar da ke yi mata ƙwai ba. Kuma ba na ba ki shawarar ki ɗauki littafin nan ki tari maigida da shi a bakin ƙofa. Littafin domin ki san inda kike ne. In ta kama a yi magana, a yi ta cikin daɗin rai, bayan ya ci ya ƙoshi.

Abu na biyu da ake koya musu shi ne rubuta kowace hulɗa sau biyu, gefen hagu da gefen dama, wato debit da kiredit. Dalilin mai sauƙi ne: duk abin da ya shiga wani wuri, daga wani wuri ya fito. Kin sayi gyaɗa ta 20,000, gyaɗa ta ƙaru, tsabar kuɗi ta ragu. Kin ba mai ƙosai jarkar mai bashi, mai ya ragu, bashin da kike bi ya ƙaru. In aka tara hagu aka tara dama suka ƙi yin daidai, an san akwai abin da aka manta. A nan ne yawancin ɗalibai suke ruɗewa, domin sun saba da alat ɗin banki, inda kiredit ke nufin kuɗi ya shigo. Yarinyar ta ce ta yi makonni kafin ta gane cewa alat ɗin daga littafin banki yake fitowa, ba daga nata ba. Kuɗin da kika ajiye a banki, a wajensu bashi ne da kike bin su, shi ya sa suke sa shi a gefen dama.

Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ya fara buga bayanin wannan tsari a littafi, a birnin Venis a 1494, daga abin da ya ga fataken ƙasarsu suna yi. Ni kuwa da ta faɗa mini haka sai na tuna mata cewa fiye da shekara 800 kafin nan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, tare da lokacin biyansa, a kuma kafa shaidu. Mun karanta ta a Islamiyya, muna jin tafsirinta duk azumi, amma mu nawa ne muke aiki da ita? Wannan bashin 28,000 da ƙanwata ke bi, babu ko sisi da aka rubuta, duk a kanta yake. Rancen Gwaram ma tsakaninsu ne su biyu. Rai fa a hannun Allah yake. Kin san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. In ta Allah ta kasance, wa zai san akwai 50,000 ta wata a cikin buhunan nan? Wa zai karɓo wa marayu abin da mai ƙosai da mai shago suka ci? Zumunci nawa ne ya lalace a kan "ta ce min" da "ban san da shi ba"?

Akwai kuma ƙa'idar taka-tsantsan: kada a ƙirga ribar da ba ta tabbata ba, amma asarar da aka hango a rubuta ta tun da wuri. A cikin masu bashin nan akwai wadda ta tashi daga unguwar tun bara. Uwar tana nan tana ƙirga 6,000 ɗinta a cikin dukiya. Yarinyar ta so ta soke, uwar ta hana, ta ce matar mai tsoron Allah ce. An bar shi, amma an ja masa layi da jan biro. Haka nan kayan aiki. Kasko yana cinyewa, firiza da keken ɗinki suna tsufa, don haka ake rage wani abu daga darajarsu duk shekara, a cire daga riba. Mai hankali sai ta riƙa ware kwatankwacin wannan a gefe, ranar da firizar ta tsaya ba sai an sayar da ɗan kunne ba.

Shekarar 2023 ta koya wa mata masu sana'a darasi biyu masu zafi. A farkonta, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki ya koma na tura kuɗi ta waya, da yawa kuma ba su da asusu, sai a tura ta na miji ko na ɗa, kuɗin sana'a ya narke cikin na kowa. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu kuma, farashi ya yi ta hawa. Mace ta sayar a kan lissafin tsohon saye, tana murna ta ci riba, ta aika kasuwa kuɗin ya kasa cika buhun da ya saba cikawa. Saboda haka bayan lissafin naira, ki riƙa yin na kwano: kwano nawa jarina yake saya a da, nawa yake saya yau?

Ga wadda Allah ya buɗa wa, maganar ta kai har zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai saye da sayarwa yau da kullum yakan yi wa hajarsa kima in shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa. In ya kai nisabi, wato kimar zinare misƙali 20, kusan giram 85, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Wannan shi ne ainihin abin da yarinyar nan ta yi a tsakar gida. Wadda ba ta san abin da ta mallaka ba, ta yaya za ta san ko haƙƙin Allah ya hau kanta?

In kina da 'ya ko ƙanwa ko suruka da ke wannan karatu, ki sani akanta ba ya shiga da hadda, sai da yawan gwaji. Ki rage mata aikin gida awa ɗaya, ki kuma miƙa mata sana'arki ta koya a kai. Fagen ba na maza kaɗai ba ne. Olutoyin Olakunri ta zama ƙwararriyar akanta tun 1963, ta farko a matan Najeriya, daga baya har ta shugabanci ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN. Mutanen Birnin Kudu kuma sukan yi alfahari da cewa Aliko Ɗangote a kwalejin gwamnati ta garinsu ya yi sakandare. To ga jami'a nan kusa da su a Dutse, saura a ga 'ya'yansu mata suna riƙe da littattafan manyan kamfanoni. Ita ma ɗalibar na ja mata kunne a keɓe: uwa ba ɗalibar aji ba ce, akwai yadda ake gaya mata gaskiya.

Kafin in taho mun yi yarjejeniya. Gwangwani biyu, ɗaya na sana'a, ɗaya nata. Duk Juma'a za ta ɗauki 2,500 daga na sana'a ta zuba a nata, a matsayin ladan aikinta, cefane da anko daga nan za su fito. Masu bashi kowa da shafinsa, da ranar da ya ɗauka. Da yake hannunta ya fi sakewa da ajami, da ajami take rubutawa, ƙanin yarinyar ɗan aji uku na ƙaramar sakandare shi ke tara mata lambobin ranar Asabar. Rancen Gwaram kuwa an rubuta shi a takarda biyu, aka sa shaidu, aka aika wa mai shi ɗaya. Ta bugo waya tana faɗa, wai an mayar da ita bare, amma dai ba ta dawo da takardar ba.