Hamster Kombat: Wasan da ya cinye data da barcin matasa, ya sallame su da kuɗin cefane

Ranar 26 ga Satumban 2024 ce aka raba wa 'yan wasan Hamster Kombat kuɗin kirifton da suka shafe wata shida suna dangwalar waya dominsa. Daga Kano zuwa Gusau, har garuruwa irin su Kasuwar Daji da ke kan hanyar Ƙaura Namoda, an yi ta ƙirga kwanaki ana cewa "ta kusa fashewa". Da ta fashe, abin da ya faɗo wa mutane da yawa bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Kafin Nuwamba, rahotanni sun nuna cewa wasan da ya yi iƙirarin tara mutum miliyan 300 ya koma kusan miliyan 41 a wata. Yau da wuya a ji ana zancensa a shagon cajin waya.

An yi wa matasan dariya sosai. Dariyar ta yi arha, domin ba ta bayyana yadda aka yi miliyoyin mutane masu hankali suka yarda da abin ba, kuma ba za ta hana wani wasan irinsa sake kwasar su ba.

Ba haka kawai aka yarda ba. A watan Mayun shekarar, wani wasan dangwale na Telegram mai suna Notcoin ya biya, kuma wasu matasan Arewa sun ga kuɗi a asusunsu da idonsu. Wanda ya yi wa abokinsa ba'a a Janairu, a Mayu ya gan shi da sabuwar waya. Hakan ya faru ne shekara guda bayan cire tallafin man fetur, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. A Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan Ƙaura kuwa, akwai ƙarin matsala: saurayin da ya kamata damina ta same shi a gona, gonar ta zama wurin da ake shiga da fargaba, ko bayan an biya 'yan bindiga haraji. Mutumin da ke da waya da lokaci, ba shi da aiki, aka ce masa ga sana'ar da ba ta neman jari, me zai hana shi gwadawa?

Sai dai kalmar "kyauta" ce ta ɓoye tarkon. Wasan ya ɗora ɗan wasa a kujerar shugaban wani kamfanin hada-hadar kirifto, a siffar ɗan ɓera, yana sayen katuna don ƙara abin da ake kira ribar kowace awa. Amma ribar tana taruwa ne na awa uku kacal, daga nan ta tsaya sai an sake buɗe manhajar. Kyautar kullum kuma, idan aka tsallake rana ɗaya sai ta koma farko. Ga haɗin katunan yau, ga kalmar sirri, ga bidiyon YouTube da dole a kalla, ga ƙananan wasannin da ake saukewa don neman makullai. Duk wanda ya tsara wannan ya san abin da yake nema: ido a kan allo, dare da rana. Wannan idon shi ake sayar wa masu talla, kuma an sayar da shi tun kafin a raba wa kowa ko sisi. Masu wasan, waɗanda ba su taɓa bayyana sunayensu ba, sun ci kasuwarsu tun da hantsi.

Lissafin rabon ma ba ya buƙatar masani. An ware kashi 60 na tsabar HMSTR biliyan 100 ga 'yan wasan zagayen farko, aka ce mutum miliyan 131 ne suka cancanta, bayan an kori sama da miliyan biyu bisa zargin maguɗi. Idan aka raba biliyan 60 ga miliyan 131, kowa zai tashi da tsaba ɗari huɗu da 'yan kai. A ranar fitowarta, kowace tsaba ba ta wuce kimanin santi ɗaya na dalar Amurka ba. Ke nan matsakaicin rabo bai kai dala biyar ba, wato 'yan dubban naira, ladan wata shida. Notcoin ta biya da ɗan kauri ne saboda masu cin tuwon ba su kai haka yawa ba, wajen miliyan 35. A Hamster kuwa, kowane sabon mutum da aka gayyato ya rage rabon wanda ya gayyato shi, alhali wasan yana ba da lada a kan gayyatar.

Abin da ya fi ciwo shi ne farashin shiga wannan wasan na kyauta ba ɗaya ba ne a ko'ina. Matashin da ke Mosko ko Dubai yana dangwale ne a kan intanet ɗin gida da wutar da ba ta ɗaukewa. Takwaransa na Kasuwar Daji sai ya sayi data, ya biya mai janareto ko mai sola kuɗin caji, sannan ya nemi inda sabis ke kamawa. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin cewa sabis ɗin ma ba tabbas gare shi ba. A farkon Satumban 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu sauƙi a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba, har mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don kiran waya kawai. Dukiyar da sai an leƙa ta kowace awa uku ba ta dace da yankin da layinsa zai iya ɗaukewa na wata uku ba.

Akwai abin kwatance daga wata nahiyar. RuneScape wasa ne na kamfanin Jagex da ke Ingila, wanda aka fara a 2001, inda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya, kowa da halittar da yake rainonta, ana yaƙi, ana fatauci. Ya tsufa, ya sha hasashen mutuwa, har an rufe sigarsa ta asali a 2018, amma sigar Old School da aka fitar a 2013 tana nan da jama'arta. Lokacin da kuɗin Benezuwela ya lalace, mutanen ƙasar da dama sun koma tara zinaren cikin wasan suna sayar wa 'yan wasan Amurka da Turai, duk da dokar kamfanin ta haramta hakan. Yawansu ya kai ga cewa da aka yi babbar ɗaukewar wuta a ƙasar a Maris 2019, sai da farashin kaya a kasuwar wasan ya girgiza.

Bambancin a fili yake. Ɗan Benezuwela yana da mai saye, wato mutumin da yake son wasan don wasan kansa, kuma yake shirye ya biya. A Hamster babu wannan mutumin. Ba wanda ya taɓa dangwalar ɓeran don daɗi. Kowa ya zo sayarwa ne, kuma kasuwar da kowa ya kawo kaya ba mai saye, an san yadda take tashi. Haka ta faru da Axie Infinity a Filifins, inda mutane suka bar ayyukansu a 2021, kuɗin wasan ya rushe a 2022. Tsohon wasa yakan mutu a hankali, yayin da abokai ke raguwa ɗaya bayan ɗaya. Wasan da aka gina kan alƙawarin biya yana mutuwa ne ranar biyan.

Idan akwai waɗanda ya kamata a tuhuma a gida, to su ne masu dubban mabiya a Facebook da TikTok da suka riƙa yaɗa linkinsu na gayyata suna hasashen farashin da ba su da hujjarsa. Wasu sun ce tsaba ɗaya za ta kai dala, abin da zai sa darajar wasan ɓera ta kai dala biliyan 100. Sun samu lada a kan kowane mutum da ya bi ta hannunsu, shi ya sa rabonsu ya fi na mabiyansu nesa ba kusa ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka fito suka yi bayani bayan an watse. Mafi yawa sun sauya sunan wasa ne kawai suka ci gaba. Kuma ɗabi'ar da aka koya wa jama'a, ta jiran abu ya fashe, ita ce masu damfara na gaske ke nema. A Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rufe da kuɗin 'yan Najeriya, kuma a can tsabar kuɗi aka zuba, ba dangwale ba.

Duk da haka, watannin nan shida ba su tafi a banza gaba ɗaya ba. Matasan da ba su taɓa zama ajin kwamfuta ba sun koyi buɗe asusun kirifto, tantance kai da katin shaida, adana kalmomin sirri, da canja dala zuwa naira ta waya. Sun koya wa juna da Hausa, a majalisa da zaurukan WhatsApp, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba. Wannan ƙwazon ne ya kamata shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa ta tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, su nemi hanyar kamawa, su juya shi zuwa aikin da ke da mai biya a ɗaya gefen. Amma horon da ake yi ta intanet ba zai isa Zurmi ba matuƙar turakun sadarwa ba su da tsaro, sannan a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.