Filin Uwargida: Jarka Ba Gora Ba Ce



Duk wadda ta taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, ta ga yadda masunta ke faɗawa Matan Fada da homa a hannu, suna kife a kan ƙaton gora. To, yaranmu na Gesse ma sun gani. Da zarar damina ta cika fadamar Rima, sai yaro ya faki idonki ya ɗauke jarkar roba, wai shi ma ya sami gora.

'Yar'uwa, jarka ba abin dogaro ba ce. Iskar cikinta ce ke ɗaga ta. Murfi na kwancewa ruwa ya shiga, shi ke nan. Robar da ta sha rana kuwa takan bushe, ta tsage ba sallama. Haka ma zoben ninkaya da ake hurawa da baki, ƙaya ɗaya ta ishe shi. Masuncin da kika gani kuwa, da iya ruwa ya tashi.

Rigar ruwa ta sosai, soson roba ne a cikinta wanda ba ya shan ruwa, ko ta huje ba ta nutsewa. In za ku shiga kwalekwale, ki roƙi maigida ya nemo daidai jikin yaron, a ɗaure ta tamau.

Ki riƙa ƙirga jarkokinki. In ɗaya ta ɓace, ki bi sawunta tun kafin a kawo miki labari.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.