Raunin da aka zana da buroshi

Ba a buƙatar wuƙa ko jini kafin a tsaga fuskar mutum a hoto. Duk matashin da ya iya Photoshop ko GIMP zai ɗauki hoton tsagewar bango ko ƙujewar fata, ya mayar da shi baƙi da fari, ya adana shi a matsayin buroshinsa na kansa. Daga nan sai ya zaɓi ja mai duhu, ya buga a kumatu, ya haɗe launin da na fata, ya ƙara ƴar inuwa a gefe. Kafin shayi ya huce, lafiyayye ya koma wanda aka sara.

Wannan sana'a ce, kuma babu laifi a cikinta. Da ita ake ƙawata fastar fim, da ita matasa da dama ke samun na abinci a shagunan hoto na Maradi da Damagaram. Ɓarnar tana farawa ne ranar da hoton ya bar kwamfuta ya shiga WhatsApp, tare da saƙon murya mai cewa an kai hari ƙauye kaza.

A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke tsallako iyaka suna sace mutane da dabbobi, irin wannan hoto ba wasa ba ne. Yana iya tayar da gari cikin dare, ko ya sa a ɗora laifi kan makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya fi cutuwa kuwa shi ne mai raunin gaske. Idan jama'a suka saba da na ƙarya, ranar da ya nuna nasa sai a ce haɗi ne.

Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 an tsananta hukuncin ɗauri kan yaɗa bayanan da ke iya dagula zaman lafiya. Sai dai doka ta fi saurin kama wanda ya tura, da wuya ta kai ga wanda ya zana. Kurkuku kuma ba ya koya wa ido gani.

Raunin buroshi yana da alamu. Buroshi hatimi ne, don haka siffa ɗaya takan maimaitu a wuri biyu ko uku. Rauni na gaske yana kumbura gefensa, yana bin lanƙwasar jiki. Na zane yakan kwanta shafal, wani lokaci inuwarsa ta saɓa da hasken da ke fuskar. Google Lens kan fito da hoton asali idan daga intanet aka ɗauko shi.

Ya kamata masu wannan aiki su riƙa rubuta "zane ne" a tsakiyar hoton, inda ba za a yanke ba, kuma masu koyar da su su sa wannan cikin darasi. Gidajen jarida kuma kada su wallafa hoton rauni sai sun san wanda ya ɗauka, da wurin, da ranar.