Rikicin da matsakaicin lissafi ke ɓoyewa a cikin leza

Mai sayen na'urar leza yakan fara duba lamba ɗaya a takardar kamfani: wat nawa take bayarwa. Wannan lamba matsakaici ce, kuma a na'urar da ke ƙara wa walƙiyar haske ƙarfi ta hanyar kai-komo, matsakaici na iya rufe aibi babba.

Ana shigar da 'yar ƙaramar walƙiya tsakanin madubai, a kulle ta da makunnin lantarki mai suna Pockels. Sai ta yi ta ratsa wani kiristal da aka ɗura wa makamashi, sau gommai, tana ɗiba, kafin a sake ta. Kiristal ɗin tamkar rijiya ce mai tara ruwa sannu a hankali. In guga ya fito cike, na bayansa zai tarar ruwa ya ja baya. Da ya ɗebi kaɗan, rijiyar ta sami sararin cika, na uku kuma ya fito maƙil.

Kiristal na Yb:YAG yana riƙe makamashi kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan tazarar walƙiyoyi ta fi haka nesa ba kusa ba, rijiya na cika kowane karo. Idan ta gajarta ainun, kowace walƙiya kaɗan take ɗiba. Fitinar a tsakiya take.

A 2004 Jochen Dörring da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Optics Express cewa ƙarfin walƙiyoyin yakan rabu gida biyu, babba da ƙarama, sannan huɗu, har tsarin ya watse. Tafarkin ke nan da Robert May ya bayyana a 1976 game da yawan halittu, abin da ke nuna cewa lissafin bai damu da haske ne ko ƙwari ba.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin girgizar teburi ko rawar wutar lantarki. Na'urar da aka killace daga duk wani motsi ma za ta yi haka, domin kowace walƙiya gadon wadda ta gabace ta take ci. Ma'aunin wat kuwa yana tsaye cik a lamba ɗaya, alhali wata walƙiyar ta kasa huda gilashin da ake yankawa, wata kuma tana neman ƙona madubin na'urar kanta.

Tunda sanadin sananne ne, uzuri ya ragu. Masu bincike a Lituweniya sun nuna cewa ƙarfafa walƙiyar farko, tare da rage yawan kai-komo, yana kwantar da rikicin. Don haka ya kamata mai saye ya nemi awon walƙiya ɗaya bayan ɗaya, a daidai saurin da zai yi aiki da shi, kafin ya sa hannu a takarda.